Idon Mai Kalangu

Mutane suna zaton makaɗi da kunnensa yake cin abinci. Babana da idonsa yake ci. Kalangu ya gada, na mahauta, amma a shekarun da kuɗin fetur ya cika ƙasa sai ya bar wa ƙanensa rumfar fawa ya koma bakin iyaka, inda motoci ke tsayawa a shingen kwastam kafin su wuce Maraɗi ko su shigo Jibiya. Can ya sami gindin wani bedi ya mai da shi wurin aiki. Kowane direba da ya san kansa yana da take, wato guntun kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda kalangu ke kiran sunansa a ciki da na ubansa da wata bajinta da ya taɓa yi. Kaɗa taken ba wani abu ba ne, kowa zai iya koya. Gwanintar ita ce ka hango mota tun tana nesa, ka gane mai ita, ka saki takensa kafin ya taka birki, yadda zai sauko yana jin duk wanda ke wurin ya san ya iso. In ka jira sai ya sauko ya yi sallama, to ba kiɗa ka yi masa ba, roƙo ka yi.

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da na ƙi kalangu na tafi makarantar horon malamai sai ya sami abin kirana, wato Malam. Yana faɗinsa da wani ɗan ja a ƙarshe, wanda har ya bar duniya ban tabbatar ko girmamawa ce ko tsiya ba. A lokacin ina koyarwa a firamare a Riko, ranar Juma'a in hau babur in zo gida.

Yanar ido ta fara masa a na dama, daga baya ta kama na hagu. Ba ta zo da ciwo ba. Cewa kawai yake kamar kullum ana girki da ɗanyen itace a gabansa. Da a zamanin tsofaffin motoci ne da ya rufa wa kansa asiri da kunne, don kowace akwala da irin tarinta. Amma kuɗi ya shigo, kowa ya watsar da tsohuwa ya sayi sabuwa, sababbin kuwa uwa ɗaya uba ɗaya ne, fenti iri guda, kuka iri guda. Ya daɗe yana lalube yana dacewa, har wata Lahadi, ranar kasuwa, da wata koriyar gingimari ta taho ya saki taken wani babban direba da ƙarfinsa. Wanda ya sauko tsohon yaron motar wannan direban ne, kuma sun rabu baram-baram, ko gaisawa ba sa yi. Da ya yi zagi da abin ya zo da sauƙi. Sai ya tako a hankali ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne hwa, ba shi ba ne," ya ajiye masa kyautarsa a kan cinya. Makaɗi a goshi ake liƙa masa, a gaban jama'a. A cinya makaho ake ajiye wa. Baba ya yi kwanaki bai fita ba.

Na kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya haska masa 'yar fitila ya ce yana ce, kuma ana cire ta, sai dai ba ta nuna ba tukuna, mu dawo idan ya kai ba ya iya ganin yatsun hannunsa. Haka ake yi a lokacin, ba wulaƙanci ba ne. Amma a mota, da muka wuce Katsina, sai Baba ya ce, "Malam, ashe mangwaro nike ɗauke da shi cikin ido."

Tun daga nan ya koma maganar mai cire yana. Wani mutum ne da ke ƙetarowa daga yamma kowace bazara da jakarsa ta fata, ya kwana biyu a gari ya wuce. Ba cire ta yake yi ba, ko da yake haka ake cewa. Wani siririn ƙarfe yake sawa ta gefen ido ya tura yanar ta faɗa ciki, haske ya sami hanya. Kowa a yankinmu ya san aikinsa. Akwai wata tsohuwa a Farfaru da ya yi wa, har zare take zurawa a allura. Akwai kuma wani manomi a Mazanya da ya yi wa, wanda yanzu da sanda ake jan sa. Baba ya riƙe tsohuwar, ni na riƙe manomin, muka yi ta jayayya a kansu kamar danginmu ne. Innata ba ta sa baki ba, ita dai sai ta ajiye mana tuwo ta koma ɗaki.

A wannan bazarar ce motar wani Bajamushe ta mutu a bakin shinge. A shekarun nan Turawa sun ɗauki wata al'ada ta keto hamada da mota don nishaɗi, su iso mana jajur, leɓe a tsage, suna murna. Yawancinsu samari ne masu gashi har kafaɗa. Wannan kuwa dattijo ne mai sanƙo, malamin kiɗa a wata makaranta a ƙasarsu, ya ɗauki hutu ya ce sai ya ga teku ta bayan rairayi. 'Yan kamasho suka tura motar zuwa inuwa mafi kusa, wato bedin Baba. Bakanike ya leƙa ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kano, kuma duk wanda ya san bakanike ya san abin da wannan ke nufi. Ina hutun makaranta, sai aka kira ni in yi tafinta. Turancinsa na aro ne, nawa ma na aro ne, don haka muka fahimci juna sosai.

Bayan la'asar ya fito da kujerar ninke ya zauna, ya sa kaset a rikodarsa. Abin da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. Ba ganga, ba waƙa, sai wata ƙara mai kauri kamar an tara masu kakaki da masu sarewa a ɗaki guda an rufe ƙofa. Ni dai gaskiya ban ji komai a ciki ba sai tsawo. Baba kuwa ya ajiye sandar kiɗansa ya karkata kai.

"Malam, tambaye shi, taken wa ne?"

Sai da na yi dogon bayani kafin Bajamushen ya gane tambayar. Ya ce ba na kowa ba ne. Baba ya ce a'a, babu kiɗan da ba shi da mai shi, sai dai in an manta. Bajamushen ya yi tunani ya ce wanda ya tsara kiɗan mutumin ƙasarsu ne, ya mutu sama da shekara ɗari biyu, kuma wasu kaɗe-kaɗensa ya yi su ne don sarakunan da ya yi wa hidima. Amma yana da ɗabi'a, in ya gama rubuta kiɗa a takarda sai ya rubuta a ƙasa cewa yabo na Allah ne shi kaɗai.

"To, ka ga mai shi," in ji Baba.

Ya tambaya mutum nawa ne ke kaɗawa. Aka ce mutum guda ne, da hannu biyu da ƙafa biyu, a kan wani abin busa mai girman ɗaki da ke cikin coci, mai bututu jere-jere, wani na gefe yana zuga masa iska irin zugar maƙera. Baba ya sa aka mayar da kaset ɗin baya. Da ya sake saurare sai ya ce, "Na hwari ya hwaɗi magana, bai gama ba na biyu ya ɗauke ta, na ukku ya shigo da ita ta ƙasa. Magana guda suke yi, ba mai jiran wani, kuma ba a yi hwaɗa ba. A gidanmu da an yi."

Kada a ɗauka duka ya so. Masu goge a hankali barci suke sa shi, ya yi ta gyangyaɗi a gaban baƙo ba kunya. Wata mace da ke rera waƙa da siririyar murya ya ce a cire ta, kamar an taka mata ƙafa. Ko mai bututun ma ya ce yana da aibi, ba inda mai rawa zai sa ƙafa, kuma mutumin bai san a yi shiru a sha iska ba. Amma kullum bayan la'asar shi yake cewa a sa.

Daga kiɗa suka koma kan mai kiɗan, ni ina tsakiya ina kai da kawowa. Baba bai tambayi abin da ɗan makaranta zai tambaya ba. Tambayarsa ta farko ita ce, ɗan gado ne ko haye? Bajamushen ya ce gado ne tun kaka da kakanni, har a yankinsu in an ambaci sunan gidan to makaɗi ake nufi. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗan juyo gefen da nake. Aka ce iyayensa sun mutu yana ƙarami, wansa ya riƙe shi ya koya masa. Da ya zama saurayi ya taɓa takawa a ƙasa tafiyar kwanaki masu yawa don kawai ya ji wani tsohon gwani, ya shantake can har iyayen gidansa suka fusata. Baba ya ce shi ma ya yi haka zuwa Maraɗi yana saurayi, sai dai shi duka ya sha da ya dawo.

Sannan ya tambaya wa ke riƙe da shi, kuma yana ciyar da shi da kyau? Bajamushen ya ce akwai wani basarake da ya yi wa aiki, da ya nemi a sallame shi ya koma wurin wani sai basaraken ya sa aka kulle shi. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce ashe iyayen gida ko'ina halinsu ɗaya, kawunsa ma da ya nemi barin wani sarkin fawa ƙwace masa kalangu aka yi. Bajamushen ya ce mai bututun ya taɓa raka ubangidansa tafiya, ya bar matarsa lafiya lau, ya dawo ya tarar har an binne ta. Ya sake aure, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya binne da yawa da hannunsa. A nan Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Allah Sarki," ya ɗauki kalangunsa yana gyara tsirkiya, ranar ba a ƙara tambaya ba.

Ƙarshen labarin ni aka fara gaya wa, muna zaune a garejin bakanike muna jiran ƙarfen da bai zo ba. Na ba Bajamushen labarin yanar Baba da mai jakar fata, don an ce ya iso Maraɗi, kasuwa mai zuwa yana Jibiya. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce ai makaɗin nan nasu haka aka yi masa. Nan take na ga na tsinci sanda. Abin da ni da manomin Mazanya muka kasa, wataƙila abokin sana'a ya iya, ko da matacce ne kuma Bature. Na roƙe shi ya maimaita a gaban Baba, kada ya rage komai.

Ya kuwa maimaita. Ya ce da makaɗin ya tsufa idonsa ya dushe. Sai ga wani mai aikin ido ya zo garin, mai yawo ƙasa-ƙasa a keken doki, baki kamar zuma, ga shaidu ko'ina na waɗanda ya warkar. Ya sa masa ƙarfe a ido, bai yi ba, ya sake sawa. Kafin a gane abin da ya faru ya yi gaba. Makaɗin ya makance ɗungurungum, ciwo ya kwantar da shi watanni a ɗaki mai duhu, daga nan bai tashi ba. Na juya wa Baba wannan da Hausa, na sa gishiri daidai gwargwado, musamman wajen keken dokin da bakin zuma.

Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Shi wanga makaɗi, aikinshi na bukatar ya hango mai zuwa?"

Na ce a'a.

"Wanda yake ma kiɗa ba ta titi yake zuwa ba. Ko ido rufe shina iya aikinshi. Amma duk da haka ya kwanta aka sa mashi ƙarhe." Ya juyo gare ni. "Tambaye shi, bai ƙara ganin komi ba har ya mutu?"

Na tambaya. Bajamushen ya dube ni, ya dubi Baba, ya shafa sanƙonsa. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, abin da a ranar ya ba ni haushi. Ya yi magana mai ɗan tsawo. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Na ji tsawonta, Malam, kada ka ba ni gajera." Don haka na ba shi yadda take. Mutanen gidan makaɗin sun ce 'yan kwanaki kafin ya mutu, wata safiya, ya buɗe ido ya ga haske, ya ga waɗanda ke ɗakin. Bayan 'yan sa'o'i ciwo ya buge shi, daga nan sai mutuwa.

"Ya gani ke nan," in ji Baba.

"Baba, ya mutu hwa."

"Kowa na mutuwa, Malam. Ya gani."

Sandar da na tsinta ita aka karɓe aka dake ni da ita. Bajamushen ya damu ƙwarai, ya ce in gaya masa da zarar mota ta tashi zai kai shi Kano da kansa, ya yi magana da likitoci. Baba ya yi godiya, ya ce likitocin Kano ya riga ya ji nasu, jira suke ta nuna, shi kuwa motoci ba sa jira. A ƙarshe Inna ce ta raba gardamar, da magana guda daga bakin ƙofar ɗakinta. Ta ce tunda ido biyu ne a raba, na dama a ba mai jakar fata, na hagu a ajiye wa Kano. Baba ya ce ya yarda. Ni ma na yarda, don ba ni da abin da ya fi.

Ƙarfen mota ya iso kafin mai cire yana. Ranar da Bajamushen zai tafi, yana tada mota Baba ya saki wani kiɗa da ban san shi ba. Sai da aka ɗan jima na gane maganar farko ce ta mai bututun nan, wadda sauran ke ɗauka suna bi, ya matse ta ta shiga bakin kalangu. Ya yi wa baƙonsa take ke nan. Bajamushen ya kashe mota ya sauko ya tsaya, hannu a rataye, har aka gama. Bai san ana liƙi a goshi ba, kuma ban gaya masa ba. Ya koma mota ya ɗauko kaset ɗin da gidansa ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Ba mu sake jin labarinsa ba, ban sani ba ko ya ga tekun.

Da safe aka yi aikin, a zaurenmu. Na so mutumin ya kasance mai kama da mugu, amma ina. Tsaf yake, muryarsa a sanyaye, ya wanke hannu ya yi bisimilla. Ni na riƙe kan Baba, na juya fuskata gefe. Bai fi a sha fura a ajiye ludayi ba aka gama. Baba bai yi ko nishi ba, sai gumi da ya jiƙa mini hannu. Mutumin ya ce in saki kan in koma gaban Baba. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba, ya ƙura mini ido.

"Wa ya ce ka bar gemu?"

Gemun nan ya daɗe a fuskata, tun ina sabon malami na bar shi don yara su ji tsorona. Na fita waje na tsaya a bayan zaure na ɗan jima.

Aka ɗaure idon aka ce ya kwanta rigingine na kwanaki. Hutu ya ƙare na koma Riko da sanyin zuciya, har ina tunanin ko tsohuwar Farfaru ce mai gaskiya. Ranar Juma'a na dawo na tarar da ido biyu a ɗaure. Mutumin ya zo sallama zai ƙetare, Baba ya ce tunda hannunsa na da albarka ya ƙarasa aikin. Na yi fushin da ban taɓa yin irinsa ba, kuma tunda ba a zuba wa uba sai na zuba wa Inna. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kai da ka yi makaranta ka kasa, ni ce zan iya?"

Abin da ya biyo baya dole in faɗe shi yadda yake, ko da bai goyi bayana ba. Ya gani. Da aka kwance, gani ne dishi-dishi, launi da girma ba gefe. Sai ya je kasuwar Lahadi wurin mai tabarau, ya zauna a gaban tarin yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, har ya dace da wani mai kauri kamar gindin kwalba. Da shi idanunsa suka zama manya-manya, yaran unguwa na gudu in ya dube su. Amma da shi yake hango mota tun daga kwana. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, Baba na gindin bedi yana sakin take tun kafin direba ya sa sigina. Wannan mai koriyar gingimarin ya zo, ya ji nasa daidai, ya sauko ya liƙa masa a goshi har sau ba adadi. A duk shekarun da na san shi ban taɓa ganin hannunsa ya yi zaƙi kamar na wannan daminar ba.

Wata rana na kawo tawa rikodar, don a lokacin kowa ya sayi rikoda, na sa masa kaset ɗin. Ya karɓi gidan kaset yana juyawa, sai ya ga akwai hoto. Ya kai shi dab da tabarau ya daɗe yana dubawa. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai kumatu, da farin gashin aro har kafaɗa, yana riƙe da 'yar takarda.

"Wanga ne? Na zaci ramamme ne. A'a, wanga ya ci ya ƙoshi, ƙarya yake ma iyayen gidanshi." Ya ƙara matsar da shi. "Amma dubi idon. Shina matse shi. Tun nan ta hwara mashi."

Gero na fitar da kai ciwon ya zo. Ya fara da ja da ruwa, sai ciwon kai mai sa amai, har ba ya son a buɗe taga. Na dama ya fara tafiya, na hagu ya bi shi ba da daɗewa ba. Na sake ɗaukarsa zuwa Kano. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya tambaya wa ya taɓa idon. Da na faɗa bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ne maimakon ya dubi Baba, ya rubuta maganin rage zafi. A hanyar dawowa ba a yi maganar mangwaro ba.

Na ɗauka kiɗa ya ƙare. Amma bayan girbi ya ce ƙanensa ya kai shi gindin bedi. Ƙanen ya ce zai zauna kusa da shi ya riƙa raɗa masa sunan mai zuwa, Baba ya ce shi ba ya kiɗa da idon aro. Abin da ya koma yi shi ne, da ya ji mota ta tsaya, ko ta wace ce, sai ya fara taken wani, kafin ya kai ƙarshe ya shigo da na wani da yatsu ta ɗaya bakin, ya bar na farko ya ɗauko na uku, ya komo. Duk direbobin hanyar suna ciki, masu shiri da masu gaba, har da waɗanda suka mutu. Wasu suka ce tsoho ya ruɗe. Wasu kuma sukan tsaya da makullin mota a hannu suna jira nasu ya gifta, kamar mai jiran akuyarsa a cikin garke da yamma. Ni kaɗai a wurin na san inda ya samo abin, kuma ban ce ya kai na mai bututun ba, kalangu guda ne da hannu biyu. Wasu a goshi suke liƙa masa, wasu a cinya suke ajiyewa. Yana jin bambancin sarai, amma sai ya ci gaba da kiɗansa.

Ran Juma'a in na dawo daga Riko nakan biya in ɗauko shi a babur. Wata rana muna tafe, yana riƙe da ƙuguna, kalangu na rataye a bayansa, abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito. Na ce, "Baba, da an bar na hagu ma Kano, da yanzu ta nuna."

Muna wuce gada sai ya jefo mini tambaya.

"Shi mutumin Bajamushe, kwana nawa anka ce ya gani?"

Na ce ai ko yini bai cika ba.

"Ni tun shuka har gero ya hidda kai. Na hi shi." Ya gyara zama. "Malam, gemun nan naka shina nan?"

Na ce yana nan.

"Bai yi maka kyau ba."

Ya rayu shekaru da dama bayan wannan. Ni ma na san gemun bai yi mini kyau ba, matata ta faɗa, abokaina sun faɗa. Ban aske ba sai bayan da muka binne shi, don fuskar da ya tafi da ita cikin duhun nan mai gemu ce, kuma ban so ya riƙa magana da wanda ba ya nan ba.